Rigar da Baba Ya Tuɓe a Doha

Shekarar da aka yi wa Baba aikin ido, ɗiyata tana da shekara goma sha uku, kuma ta yi shekara huɗu tana koyon kaɗa fiyano, abin kiɗan nan na Turawa. Mun daɗe a Doha a lokacin. Ni ina aiki a ɗakin magani na wani asibiti, maigidana kuma injiniya ne a wajen haƙar gas, sati biyu yana kan teku, sati biyu yana gida. Ban taɓa gaya wa Baba zancen fiyanon ba. Duk ranar da muke waya sai in yi niyya, amma in ɓuge da tambayarsa ko an yi ruwa.

Baba tsohon ɗan kasuwar auduga ne a Funtuwa. A zamaninsa ya riƙe dukiya, ya riƙe jama'a, kuma har ya tsufa idan ya ce a'a a gidanmu magana ta ƙare. Yayyena maza, da furfurarsu da komai, idan ya gyara murya sai ka ga kowa yana laluben takalminsa. Ni ce auta, ana cewa ni ce 'yar lele, amma lelen bai taɓa kai ni ga yin musu da shi ba.

Na ɗauko shi daga filin jirgin Hamad da yana a idanunsa biyu, da ƙullin kilishi, da manyan riguna biyar, kamar wanda zai zauna shekara. Tun a mota ya fara faɗa da sanyin na'ura, yana cewa mutanen nan Allah ya ba su rana kyauta sun ƙi. Shi da ɗiyata kuwa nan da nan suka ɗora wasan jika da kaka. Yana kiranta amarya, tana ce masa ita ba ta auren wanda sai an yanka masa nama ƙanana. Ita ke ɗiga masa maganin ido, ita ke kai masa shayi.

Fiyanon namu na lantarki ne, yana jingine da bangon falo. Kafin Baba ya iso na lulluɓe shi da zane, shi kuma da yake ba ya gani sosai ya ɗauka tebur ne, a kai yake ajiye hularsa da rediyonsa. Idan ya shiga barcin rana sai yarinyar ta yaye zanen, ta toshe kunnuwanta da abin sauraro, ta yi ta kaɗawa babu mai ji. Haka muka yi kwana goma lafiya lau, ni har ina yaba wa kaina wayo.

Kwana biyu da cire masa bandejin idon dama, ya fito da wuri daga barci. Ya same ta zaune, yatsunta suna gudu a kan wasu abubuwa farare da baƙaƙe, babu sauti.

"Amarya, me kike bugawa haka? Wasiƙa?"

Ina kicin ina jin su, ina addu'a a zuci ta ce aikin makaranta ne. Ita kuwa ba ta iya ƙarya ba, ban san inda ta gado wannan ba. Ta zare wayar abin sauraron, ta kaɗa masa abin da take koya daga farko har ƙarshe. Bai katse ta ba. Da ta gama sai ya kira ni, ba da sunan lelen da ya saba ba.

"Ke, zo nan. Yaushe aka fara kiɗa a zuri'ata?"

Na fara kame-kame, ina cewa ai a makaranta ma ana koyarwa, ai tana zuwa Islamiyya, ai ba ta wasa da salla. Ya ɗaga mini hannu.

"Ba maganar halal da haram nake yi ba, wannan ta malamai ce. Ni ma na ji kiɗa a rayuwata, na kuma yi kyauta. Maganar roƙo nake yi. Makaɗi maroƙi ne, a hannun mutane yake ci. Mu masu bayarwa ne, ba a taɓa ganin jinina ya durƙusa gaban wani yana jiran abin da za a jefa masa ba. A rufe abin nan."

Ɗiyata ta rufe, ta mayar da zanen, ta ɗora masa hularsa da rediyonsa a inda suke. Ba ta yi kuka ba. Da ta yi kukan ma da ya fi mini sauƙi.

Da na gaya wa babanta a waya, ya yi dariya ya ce, "Khalas, shi ke nan, ki bari ya koma gida, sai ta ci gaba. Wa zai gaya masa?" Ni ma abin da ke raina ke nan. Na je na same ta a ɗaki da wannan albishir, sai ta dube ni ta ce, "Umma, idan Baba Tsoho ya ce a'a, ai a'a ce ko yana Funtuwa. Ni ba zan riƙa yi a ɓoye ba kuma." Kunya ta kama ni ƙwarai. Na gane cewa idan Baba ya hau jirgi bai janye maganarsa ba, yarinyar nan ta bar fiyano ke nan har abada, kuma saura sati uku ya tafi.

Ta ci gaba da ɗiga masa magani, ta ci gaba da kai shayi, amma wasan ya mutu. Idan ya ce amarya sai ta ce na'am kawai. A wajen cin abinci ina ganin yatsunta suna tafiya a gefen tebur ba ta sani ba. Shi ma yana gani, da yake idon ya buɗe.

Ana cikin haka malamarta ta aiko mana da katin shiga uku. Za ta yi wasan fiyano ita kaɗai ranar Asabar bayan la'asar, a wani ƙaramin zaure cikin wani otal a unguwar West Bay. Malamar Baturiya ce daga gabashin Turai, ta ba sittin baya, siririya, gashinta fari fat, ba ta da yawan fara'a. Na san abu ɗaya game da Baba: ba ya ƙin amsa gayyata, musamman ta wanda ya yi wa nasa hidima. Na kai masa katin da hannu biyu, na ce malamar jikarsa ce ta gayyace shi takanas.

Ya juya katin, ya ce, "To, mu je in ga uwar makaɗan."

Ranar ya fito da rigar da ta fi kowacce cikin biyar ɗin, shuɗiyar shadda mai aska takwas, ɗinkin hannu, wadda nake jin ta girme ni. Ya fesa turare har sai da na buɗe tagar mota. A ƙofar zauren muka tarar da mai gadi Bahaushe, magidanci mai furfura a gemu, mutumin Kano da ke zaune a unguwar Bin Omran. Yana ganin Baba ya rusuna, suka yi gaisuwa mai tsawo har layi ya taru a bayanmu. Shi ya kai mu kujerunmu, layi na huɗu daga gaba.

Zauren bai fi cin mutum ɗari biyu ba. Larabawa, Turawa, Indiyawa, kowa ya yi tsit kamar ana jiran liman. A kan dandamali babu komai sai wani ƙaton baƙin fiyano da murfinsa a ɗage, da 'yar kujera. Takardar da aka raba mana ta nuna kashi biyu ne: na farko kiɗe-kiɗen mutanen da suka daɗe da mutuwa, irin waɗanda aka yi don taɓa zuciya, na biyu kuma na waɗanda suke raye yanzu. Na roƙi Baba a kunne cewa a nan ba a magana idan an fara. Ya ce shi ba yaro ba ne. Matsalar ita ce raɗar Baba ana jin ta daga zaure har cikin gida.

Malamar ta fito cikin doguwar baƙar riga, ta sunkuyar da kai ga jama'a.

"Kin gani ko," in ji Baba. "Tun ba a je ko'ina ba ta fara rusunawa."

Na ce gaisuwa ce. Ta zauna, ta ɗan jima hannuwanta a cinya, sannan ta fara. Na farkon mai sauri ne, yatsu suna bin juna sama da ƙasa. Baba ya saurara kaɗan, ya karkato.

"Taken wane ne wannan?"

A wajenmu kowane kiɗa da mai shi. Akwai na mahauta, akwai na manoma, akwai wanda idan aka kaɗa kowa ya san wane attajiri ake nufi. Shi kansa Baba yana da takensa a da, idan ya shigo wajen biki da shi ake tarbarsa. Na ce masa wannan ba na kowa ba ne.

"Kiɗa babu mai shi? To wa zai biya ta?"

Wata mata a gabanmu ta waiwayo ta harare mu. Ɗiyata ta nutse cikin kujera. Ni kuma na fara da-na-sanin zuwa da shi.

Sai aka shiga wani mai tafiya a hankali. Gaskiya ni ban san kan kiɗan nan ba, shekara huɗu aikina in kai yarinya in zauna a mota ina duba waya. Amma wannan ya shige ni. Hannun hagu yana tafiya sannu sannu ba ya fasawa, na dama kuma kamar mutum yana ba da labarin abin da ya dame shi, ya faɗa, ya tsaya, ya sake komawa baya ya faɗa da wata murya. Na tuna mahaifiyata, wadda ta rasu ina nan ban samu jana'izarta ba. Da na dubi Baba sai na ga ya daina motsi, ruwa yana bin gefen idon da aka yi wa aiki. Na ɗauka maganin ne, na miƙa masa hankici. Ya ture hannuna bai dube ni ba.

Malamar ta ɗaga hannuwa, zauren ya yi shiru, don ashe ba a gama ba, akwai sauran kashi, kuma a al'adarsu ba a tafa hannu a tsakani. Cikin wannan shirun Baba ya ce, "Madalla," da muryarsa ta kasuwa. Na ga gefen bakin malamar ya ɗan motsa, ta ci gaba.

Da aka tafi hutun rabin lokaci na zuba masa ido ko zai ce wani abu. Ya sha ruwa, ya gyara hula. "Matar nan ta san aikinta," ya ce. "Amma makaɗi makaɗi ne."

Kashi na biyu ya zo da abin da ni ma ban shirya masa ba. Malamar ta miƙe tsaye, ta zura hannu cikin cikin fiyanon tana tsinkar wayoyinsa da yatsa, ta ƙwanƙwasa katakon, ta koma ta danna wuri ɗaya ta bar shi yana amo har ya mutu.

"Ya lalace ne?" Baba ya tambayi jikarsa.

"A'a, haka aka rubuta shi."

"Har rubuta kiɗa ake yi?"

Can kuma ta yi shiru mai tsawo, hannunta a sama. Baba ya ce, "Ta manta." Na ga kafaɗun ɗiyata suna rawa, ta toshe baki da mayafi. Rabona da ganin dariyarta tun ranar da aka rufe fiyano.

Na ƙarshen shi ne ya kama shi. 'Yan sautuka ne kaɗan ake ta maimaitawa, hannu biyu suna karɓa wa juna kamar mata suna lugude a turmi ɗaya, a hankali ɗaya hannun yana zamewa gaba, sai su rabu, sai su sake haɗuwa. Ya daɗe. Gumi ya jiƙa wuyan malamar duk da sanyin zauren. Ƙafar Baba tana bin kiɗan a ƙasa, bai kuskure ko sau ɗaya ba. Da ta tsaya, jama'a suka miƙe gaba ɗaya suna tafi.

Wata ma'aikaciyar otal ta hau ta miƙa mata dunƙulen furanni. Malamar ta karɓa, ta rungume, ta sake sunkuyawa.

"Mene ne wancan?" in ji Baba.

"Furanni ne, Baba. Haka suke yi."

"Shi ke nan abin da za a ba ta? Duk wannan wahalar? Ganyen da ko miya ba a yi da shi?" Ya dubi masu tafin nan, masu agogunan zinariya, ya girgiza kai. "Babu mutum ko ɗaya a ɗakin nan."

Kafin in gane abin da yake nufi ya cire hula ya miƙa mini, ya kama wuyan babbar rigarsa ya zare ta ta kai. Na san wannan tun ina yarinya: idan makaɗi ya kai maƙura, babban mutum ba ya tsayawa laluben aljihu, rigar jikinsa yake tuɓewa ya ba shi. Babu kyautar da ta fi ta. Na kama gefen jamfarsa na ce, "Baba, don Allah, ba a yi a nan." Ya fizge, ya karɓi hularsa, ya nufi dandamali da rigar a kan hannuwansa biyu.

Mai gadin nan ya taso da sauri, aikinsa ne ya tare duk wanda ya nufi wajen. Da ya ga abin da ke hannun Baba sai ya tsaya. A duk zauren, ban da ni, shi kaɗai ya san abin da ake yi. Ya kauce, har ya riƙe wa Baba gwiwar hannu a wajen matakala. Ɗiyata ta bi su da gudu, ni kuwa sai daga baya na bi su.

Malamar ta dubi tsohon, ta dubi rigar, ta dubi ɗalibarta. Yarinyar ta yi mata bayani da Turanci. Malamar ta ajiye furannin a kan kujera, ta ɗaga rigar ta shafa ɗinkin da yatsunta, ta tambaya ko da hannu aka yi, wata nawa aka ɗauka. Sannan ta yi magana a hankali, ɗiyata tana fassarawa.

"Ta ce ta gode ƙwarai. Ta ce ba ta taɓa ganin aiki mai kyau haka ba. Amma ba za ta karɓa ba. Ta ce ta kaɗa wa kowa daidai ne, kai kuma ka saurara da gaske, ta ji ka, wannan ya ishe ta. Ta ce ka sa rigarka, ɗakin da sanyi."

Malamar ta ɗora masa rigar a hannu, tana tsaye ƙyam, tana kallonsa ido cikin ido. Wasu suka yi 'yar dariya ta jin daɗi, aka ƙara tafi, su a ganinsu abin sha'awa ne ya faru. Ba su san cewa mayar wa dattijo kyautarsa a bainar jama'a ya fi mari ciwo ba. Baba yana tsaye daga shi sai jamfa da wando. Ranar na fara ganin yadda ya rame, yadda wuyansa ya zama siriri. Tausayinsa ya kama ni, haushin kaina kuma ya fi.

Bai mayar da rigar jikinsa ba. A ƙofa mai gadin ya ce, "A yi haƙuri, Baba, ba su san darajarta ba ne." Baba ya wuce. A mota rigar tana ninke a cinyarsa, dogayen gine-ginen West Bay suna wucewa bai ɗaga kai ba. Muka iso gida daidai magariba. Ya yi salla, ya taɓa tuwo kaɗan, ya shige ɗaki. Na ce a raina shi ke nan, na je neman gyara na ƙarasa ɓatawa. Ɗiyata ta taya ni wanke kwanuka.

Washegari da hantsi ta zo ɗiga masa magani a falo. Ina gefe ina ninke kaya, ina yi kamar ba na ji. Ya bari ta gama, ya ƙifta ido, ya ce ta zauna.

"Na ba makaɗa riguna da yawa," ya ce. "Kin san yadda suke karɓa? Mutum ya girme ni, sai ya zube ƙasa, ya ɗebi turɓaya ya zuba a ka, ya kira ni uban marayu. Ina jin daɗi a lokacin, ba zan yi miki ƙarya ba. Amma ko sau ɗaya ban taɓa fatan in zama shi ba. Jiya mace ta tsaya a gabana ta mayar mini da rigata. Da haushi na kwana. Yanzu ma haushin nake ji."

Ɗiyata ta sunkuyar da kai. "Ka yi haƙuri, Baba Tsoho. Ba ta san al'adarmu ba."

"Ban ce ki ba ni haƙuri ba. Tambayarki zan yi. Ita ce take koya miki?"

"Ita ce."

"To idan kin girma, kin kaɗa a gaban mutane, wani mai kuɗi ya tuɓe rigarsa ya miƙo miki, me za ki yi?"

"Zan ce na gode, ya sa rigarsa."

"Ko sarki ne?"

"Ko sarki ne."

Ya ɗan matso. "Ko ni ne?"

Hannuna ya tsaya a kan zanen da nake ninkewa. A gidanmu babu wanda ya taɓa mayar wa Baba ko da ƙwayar goro. Na so in yi mata alama da ido, amma ni kaina ban san amsar da zan nuna mata ba. Ta murza kwalbar maganin a tafin hannunta. Sannan ta ɗago.

"Ko kai ne, Baba Tsoho."

Ya daɗe yana kallonta da sabon idonsa. Fuskarsa ba ta saki ba. Can ya miƙa hannu ya ɗauke rediyonsa daga kan fiyanon, ya ajiye a ƙasa kusa da ƙafarsa.

"To, buɗe abin."

Ta yaye zanen, ta zauna, ta goge tafin hannuwanta a jikin siket. Ta waiwayo, idanunta sun cika.

"Wanne zan kaɗa maka?"

"Kada ki kaɗa mini," in ji Baba. "Ki kaɗa abinki. Ni zama kawai nake yi."

Ta fara. Yatsun sun yi tsami, ta yi kuskure tun a layin farko, ta koma baya ta sake. Baba ya jingina da kujera ya harɗe hannuwa, bai tashi ba har ta kai ƙarshe.